Yadda zaka tsara karɓar ƙorafin manhajarka ba tare da ka kori kwastoma ko ka haukata masu kod ba

Duk wanda ya taɓa sakin manhaja, ko da 'yar ƙarama ce ta duba sakamakon jarabawa ko ta rubuta cinikin shago, ya san ranar da mutane suka fara amfani da ita ranar ƙorafi zai fara shigowa, kuma daga nan sai tambaya ta taso, a ina za'a dinga tara shi. Masu wannan harkar sun daɗe suna ja-in-ja akan rumbunan da ake ajiye matsaloli, irinsu Bugzilla da Jira da GitHub Issues, wai shin na masu rubuta kod ne ko kuwa na jama'ar gari ne da suke amfani da manhajar. Ni dai ra'ayina a fili yake, rumbun na masu gyara ne, amma ba'a barin mai amfani a rana, ƙofa daban ake buɗe masa, sannan a ajiye mutum mai rai tsakanin ƙofar nan da rumbun. Yadda zaka haɗa ukun nan shine abinda zan yi bayani.

Ka fara gane cewa mutanen nan biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Wanda manhaja ta tsaya masa so yake aikinsa ya tafi yau ɗin nan, ya ji wani ya ce masa sannu mun gani, ga dabarar da zaka yi kafin a gyara. Shi kuwa mai kod abinda yake so jerin aiki ne tsaf, kowace matsala ta fito sau ɗaya tak, tare da bayanin yadda zai sa ta sake faruwa a gaban idonsa, don matsalar da ka kasa maimaitawa sai dai kayi ta lalube a duhu. Kamar gareji ne, kai mai mota zaka zo ka ce tana wani irin ƙara idan na taka burki, kuma iya gaskiyarka ka faɗa, amma abinda oga zai gaya wa yaransa su kwance daban ne, kuma ba garejin da zai ce sai ka faɗi sunan ƙarfen da ya ci kafin a saurare ka.

Kafin ka ce ra'ayina ne kawai, manya sun gwada ɓangarorin biyu kuma duk sun ji a jikinsu. Debian, masu haɗa wani tsarin kwamfuta na kyauta, tun 1994 suke da nasu rumbun wanda Ian Jackson ya fara, ta imel ake aika komai, ka rubuta sunan fakitin, wato manhajar da ta samu matsala, da lambar sigarsa a layukan farko da irin tsarin da na'ura zata iya karantawa. Bugzilla kuma a 1998 ta fito, Terry Weissman ne ya rubuta ta lokacin da Netscape suka saki kod ɗin burauzarsu suka kafa Mozilla. Duk waɗannan an gina su ne da tunanin wanda zai kawo rahoto shima ɗan hannu ne, shi yasa fom ɗin yake tambayarka wane sashe ne na manhajar ya samu matsala, girman matsalar wane mataki ne, a wane tsarin kwamfuta, abubuwan da mutumin da kawai yake son ya buga takardarsa bai san amsarsu ba. In ma ya daure ya cike, bayan sati biyu sai ya ga imel an rufe maganarsa da kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, WORKSFORME ko INVALID ko WONTFIX, wato a wajena tana aiki, ko rahoton bai inganta ba, ko baza'a gyara ba. A wajen mai kod wannan ba zagi bane, rarraba aiki ne kawai, amma shi wanda ya ɓata awa guda yana rubutu ji zai yi an ce masa maƙaryaci, kuma bazai sake dawowa ba.

GitHub, shafin da masu kod suke ajiye kod ɗinsu, sai suka bi ɗaya hanyar, akwati ne fanko kowa ya zo ya rubuta abinda ya ga dama. Me ya faru? Tambayoyi da roƙo da faɗa da rahoton gaske duk suka cakuɗe waje ɗaya, mutum ɗari su shigo kowa ya rubuta +1, wato nima haka, a ƙarƙashin magana ɗaya, kuma kowane +1 imel ne yake shiga akwatin masu gyara. Abun ya ishi mutane har a watan Janairun 2016 gungun masu kula da manhajojin kyauta suka rubuta wa kamfanin buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kuka, bayan 'yan makonni aka kawo damar saka tsararren fom na rahoto, a watan Maris aka kawo alamar ɗaga babban yatsa don a daina rubuta +1, a 2020 kuma aka buɗe Discussions, waje na musamman na tambaya da hira. Kaga inda aka dawo kenan. Mozilla suna da shafin taimako daban da Bugzilla, Ubuntu, wani tsarin kwamfutar na kyauta, suna da sashen tambayoyi daban da sashen matsaloli a shafinsu mai suna Launchpad, LibreOffice ma haka. Kowa da kansa ya gano ƙofa ɗaya bata isa.

Toh yanzu kai, a ce kai da abokanka biyu ko uku ne kuke da manhaja.

Abu na farko ka zaɓi rumbu na ciki, kuma kar ka ɓata lokaci a nan. In kod ɗinku yana GitHub to Issues ɗin wajen ya isheku, in GitLab ne shima yana da nasa, Jira kyauta ce har mutum 10 amma gaskiya ga mutum uku nauyinta ya fi amfaninta. Ko Google Sheets ne yafi ace babu, matuƙar kowace matsala tana da lamba, da sunan wanda yake riƙe da ita, da matakin da take. Abinda bazai taɓa zama rumbu ba shine guruf ɗin WhatsApp, don saƙon jiya yau ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan ɗaurin aure, kuma ba yadda zaka yi ka san me aka gyara me ya rage.

Amma fa WhatsApp ɗin nan da na ce ba rumbu bane, shine ƙofar waje mafi kyau a wajenmu, kuma a nan nake saɓawa da samarin da suke son komai nasu yayi kama da na Turai. Ka haɗa fom mai kyau da Turanci ka saka a shafinku, ka jira ka gani mutum nawa zasu cike. Hajiya mai shagon atamfa ko malamin da yake shigar da makin ɗalibai, saƙon murya zasu aiko maka na minti uku, rabi gaisuwa, kuma a cikin ragowar rabin akwai bayanin da kake nema in ka iya saurare. Don haka ka ware layi ɗaya na musamman ka saka masa WhatsApp Business, kar ka yi amfani da layinka na gida in kana son barci. Yana da lakabi da zaka maƙala wa kowace hira, sabo, ana bincike, an shigar rumbu, an gyara, yana kuma da amsoshin da zaka tanada tun farko ka kira su da alamar / ba sai ka sake rubutawa kullum ba. Wanda kwastomominsa 'yan ofis ne masu imel, GitLab suna da wani abu Service Desk da yake juya imel ya koma tikiti, wato rubutaccen rahoton matsala a rumbu, kai tsaye ba tare da mai aikowa ya buɗe akawun ba, wannan ma hanya ce.

Ga wata 'yar dabara da bata ɗaukar rabin yini amma tana rage wahala sosai. A cikin manhajar ka saka maɓalli da aka rubuta "Akwai matsala? Yi mana magana", in an danna ya buɗe link ɗin wa.me, wanda yake kai mutum WhatsApp ɗin layinku, kuma link ɗin yana karɓar rubutun da aka riga aka cike, sai ka sa manhajar da kanta ta zuba lambar sigarta da samfurin wayar da lambar Android da sunan shafin da mutum yake kai da lokaci. Shi dai kawai ya danna aikawa ya ɗora muryarsa. Dalili kuwa, duk abinda na'ura zata iya faɗa da kanta zalunci ne ka tambayi mutum. Ka ce da dattijo wace irin waya ce, zai ce maka Tecno ce baƙa, kuma bai yi laifi ba. Su Debian da Ubuntu ma abinda suka yi kenan, reportbug da ubuntu-bug aikinsu su tattaro bayanan kwamfutar da kansu. Haka nan ka saka Crashlytics ko Sentry don duk lokacin da manhajar ta mutu rahoto ya zo muku ko ba wanda yayi magana, in kuma tana Play Store ka dinga leƙa sashen Android vitals, don yawancin waɗanda manhaja ta mutu a hannunsu basa ƙorafi, gogewa suke su wuce.

Yanzu ga inda aikin yake, mutumin tsakiya.

Dole a samu wanda aikinsa ne ya saurari ƙorafi ya juya shi ya koma tikiti. Ba lallai ya iya kod ba, abinda ake buƙata ya san manhajar ciki da bai kamar yadda kwastoma yake amfani da ita, yana da haƙuri, ya iya Hausa ya kuma iya rubuta Turanci mai sauƙi in da shi kuke aiki a rumbu. In ku uku ne kuma ba kuɗin ɗaukar wani, ku dinga karɓa-karɓa sati-sati, wanda yake kan layi wannan satin kar a ɗora masa babban aikin kod, don mutum baya iya rubuta kod wayarsa tana ƙara duk bayan minti goma.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce manhajar makaranta ce, sai saƙon murya ya shigo daga wani malami: "Salamu alaikum, wallahi abun nan naku ya lalace gaba ɗaya, tun safe nake fama ya ƙi yin komai, gashi gobe za'a raba sakamako." In ka kwafi wannan ka zuba a rumbu da take "manhaja bata aiki", mai kod zai buɗe tasa ya ga lafiya lau take, ya rufe. Abinda mutumin tsakiya zai yi shine ya fara kwantar masa da hankali sannan ya yi tambaya ɗaya-ɗaya, ba goma a saƙo ɗaya ba.

"Wa'alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari, yanzu zamu duba in sha Allah. Don Allah me kake son yi lokacin da ta tsaya?"

"Sunayen yara nake sakawa."

"Duka ne suka ƙi shiga ko wasu sun shiga?"

"A'a na saka wajen ashirin sun shiga, daga nan ta ƙi."

"Allah gafarta Malam, wane suna ne na ƙarshe da ka rubuta ta ƙi karɓa?"

"Sa'adatu ce. Na tsallake ta na saka na gaba ya shiga, da na zo kan Mu'azu ta sake ƙi."

Shikenan an kama ɓarawo. Manhajar bata lalace gaba ɗaya ba, sunan da yake da 'yar waƙafin sama ne bata karɓa, Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il, Asma'u, Shu'aibu, kaga kuwa a ajin yaran Hausawa wannan ba ƙaramin abu bane. Mutumin tsakiya sai ya gwada a wayarsa, ya ga tabbas haka ne, sannan ya rubuta tikiti. Taken ya zama gajere kuma ya faɗi abun: sunan ɗalibi mai alamar ' yana hana ajiyewa a shafin sabon ɗalibi. A ciki abu uku ne ba'a tsallakewa, matakan da aka bi ɗaya bayan ɗaya, abinda ya kamata ya faru, da abinda ya faru a zahiri harda ainihin rubutun da ya fito a fuskar wayar harafi da harafi, ba wai "ta nuna wani ero" ba. Sai sigar manhaja da wayar, sai ko shi ya iya maimaitawa. Shi kuma Malam a ba shi mafita nan take, a ce ya rubuta Saadatu yanzu ba alamar don sakamako ya fita gobe, in an gyara za'a sanar dashi ya mayar.

Kuma duba wani abu, mai kod da ya san aikinsa yana ganin wannan tikitin gabansa zai faɗi, saboda in alamar ' tana karya ajiya to akwai yiwuwar rubutun da mutum ya shigar ana liƙa shi kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da manhaja take magana da ma'ajiyar bayanai dashi, wanda ke nufin ɗan ɓata-gari zai iya bi ta wannan ramin ya karanta ko ya goge bayanan makarantar duka. Malam bazai taɓa sanin haka ba kuma ba aikinsa bane ya sani. Da an tilasta masa cike fom ya zaɓi girman matsala, ko dai ya zaɓi mafi girma don haushi ko ya bar wajen fanko, duk biyun ba zasu gaya maka komai ba. Irin wannan ne yasa nake cewa kar ka taɓa bari mai kawo ƙorafi ya zaɓi wace matsala za'a fara gyarawa, kowa tasa ce ta fi gaggawa. Ka tambaye shi abinda shi kaɗai ya sani, aikinka ya tsaya cak ne ko kana iya ci gaba, ka rasa wani bayani ko kuɗi, sau nawa ya faru. Jera aiki kuma naku ne.

Tunda an zo kan haruffa, ku dinga gwada manhajarku da ƙ da ɗ da ɓ tun kafin a kawo ƙara. Wani ya shigar da Ɗanladi da lanƙwasa, wani ya zo nema ya rubuta Danladi, bincike ya ce babu. Ko a fitar da takardar PDF harafin ya koma ɗan akwati saboda font ɗin bashi da shi. Ita kanta 'yar waƙafin iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya da wasu kibod suke sakawa da kansu, a ido kusan ɗaya ne amma a wajen kwamfuta haruffa biyu ne daban. Mai ƙorafi bazai ce maka ga dalili ba, cewa zai yi sunan ya ɓace.

Ba kowane saƙo ne yake shiga rumbu ba fa. Da yawa daga abinda zai shigo ta ƙofar waje tambaya ce, na manta kalmar sirri, ina ake danna kaza, data ta ƙare ba'a sani ba, sabis ya ɗauke ana tsaka da aikawa, ko wayar ce ta cika ko tsarin tattalin batir ɗinta yake kashe manhajar in an fita daga ciki. Waɗannan a amsa a wuce. Sai dai in tambaya ɗaya ta dawo sau biyar sau goma, to ta tashi daga tambaya ta koma matsala, ma'ana maɓallin ne ba'a ajiye shi inda ido zai gani ba, wannan kam a buɗe masa tikiti. Roƙon a ƙara sabon abu shima a rubuta shi amma da lakabinsa daban, kar ya zauna layi ɗaya da abinda ya karye. Ko da yake kar ka takura kanka da yawa akan tsabtar rumbu, matsala mai lamba 1 a Launchpad ma ba matsalar kod bace, Mark Shuttleworth ne mai Ubuntu ya rubuta a 2004 cewa Microsoft ta mamaye kasuwa, kuma sai 2013 ya rufe ta da kansa.

Idan mutum na biyu da na uku suka kawo matsalar da tuni tana rumbu, kar a buɗe sabon tikiti, kar kuma a ce musu ai an riga an faɗa kamar sun yi laifi. A ƙara layi ɗaya a tsohon tikitin, mutum kaza ya sake samu a waya iri kaza, a kuma ajiye a wani waje na sirri su waye, don ranar da aka gyara a neme su. Yawan masu kawo ƙara bayani ne mai tsada, shine zai gaya maka wacce zaka fara. Launchpad suna da maɓalli na musamman da mutum zai danna ya ce nima ta shafe ni, ba tare da ya cika wa kowa akwatin imel ba, kai a wajenka mutumin tsakiya ne wannan maɓallin.

Sai maganar sirri, kuma don Allah kar a yi wasa da ita. Mutanenmu in ka ce su turo hoton fuskar waya, turowa zasu yi da komai a ciki, lambar akawun, ragowar kuɗi, BVN, NIN, sunayen yara da makinsu, wani harda kalmar sirri zai rubuto maka don ka shiga ka gani da idonka. Kafin hoto ya shiga rumbu a yanke ko a shafe duk wannan, musamman in rumbun a buɗe yake kowa yana gani. A GitHub ko ka dawo ka gyara rubutu tsohon yana nan a tarihin gyara sai an bi an goge shi, kuma imel ɗin sanarwa ya riga ya tafi wajen duk masu bibiya, wannan kam ba'a dawo dashi. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko ba doka amana ce aka baka. A tikiti rubuta "wani malami a makaranta ta 4", lambar wayarsa ta zauna a wajen mutumin tsakiya. Duk matsalar da ta shafi tsaro, irin ta Sa'adatun nan in ta tabbata, a rufe ta daga idon jama'a har sai an toshe.

In manhajarka ta kowa da kowa ce, kod a buɗe, rumbu a buɗe, to baka da ikon hana mutane shigowa kai tsaye, amma zaka iya nuna musu hanya. A GitHub ka buɗe folda .github/ISSUE_TEMPLATE ka saka fom ɗinka a ciki, tun 2021 ana iya yinsa da YAML ya fito da akwatuna na gaske waɗanda wasu dole a cike. A fayil ɗin config.yml kuma zaka iya kashe damar buɗe tikiti fanko ka saka link da yake cewa in tambaya ce bi nan. Akwatunan kar su wuce huɗu ko biyar, kuma ka rubuta su da maganar mutane, me kake son yi, me ya faru, ba wai wane sashe na kod kake zargi ba. In masu amfani da ita Hausawa ne ka rubuta fom ɗin da Hausa mana, ka ce an yarda a amsa da Hausa, ba wanda zai kama ka.

Akwai wani abu da ya zama yayi wanda ni bana goyon baya, wato a saka bot, 'yar manhaja mai aiki da kanta, ya dinga rufe duk tikitin da aka kwana biyu ba'a yi magana a kai ba. Lissafi zai yi kyau, rumbu ya zama fes, amma matsalar tana nan daram, kawai an gaya wa wanda ya kawo ta ne cewa shirun da ku kuka yi laifinsa ne. Inda rufewa take da hujja shine in ku ne kuka yi tambaya aka ƙi amsawa, Launchpad ma rahoton da aka ce bai cika ba kwana 60 suke bashi kafin ya faɗi da kansa. Kai da kake da lambar mutum ma ai ba sai ka jira ba, kira shi, minti biyu a waya ya fi saƙo ashirin, in abun ya ƙi fahimtuwa ka ce ya ɗauki bidiyon fuskar wayar, daga Android 11 zuwa sama abun ɗauka yana cikin wayar, ko ya karɓi wayar wani ya ɗauka da ita.

In kun yanke baza ku gyara abu ba, ku faɗa da baki mai daɗi kuma da dalili. A rumbu ku rubuta wontfix ɗinku ba komai, yarenku ne, amma abinda zai je kunnen Hajiya shine "Hajiya mun duba, wannan in muka canza shi zai ɓata lissafin sauran shaguna, amma ga yadda zaki samu abinda kike so ta wata hanyar." In kun kasa maimaita matsalar kar a ce mata a wajenmu lafiya take, a ce mun gwada a waya kaza bata fito ba, in ta sake faruwa ki turo mana hoto a lokacin kafin ki rufe.

Wataƙila kuma kai ba mai manhaja bane, kai ne mai ƙorafin, misali kana rubutu a Wikipedia ta Hausa ka ga wani abu ya karye. Masu Wikipedia wani rumbu mai suna Phabricator suke amfani dashi tun ƙarshen 2014 da suka bar Bugzilla, kuma da akawun ɗinka na Wikipedia zaka iya shiga. Ka sani ɗakin aikin masu gyara ka shiga, da yawansu ma 'yan sa-kai ne ba biyansu ake ba. Fara bincika ko wani ya riga ka, in ya riga ka kuma kana da sabon bayani ƙara, in babu danna bibiya kayi shiru. Matsala ɗaya tikiti ɗaya, ka saka link ɗin ainihin shafin, ka faɗi burauza da waya, ka kwafo harafin da yake bada matsala ka manna shi a rubutun don wanda zai gyara ƙila bashi da ƙ a kibod ɗinsa. Turancinka ko ya karye ba damuwa, jera matakan kawai 1, 2, 3.

Mu koma kanku masu manhaja, saura mataki ɗaya wanda kusan kowa yake mantawa. Mai kod ya rubuta "Fixes #41" a saƙon kod ɗinsa, aka haɗe shi da babban reshen kod ɗin, GitHub ta rufe tikitin da kanta, shi a wajensa an gama. Amma gyaran bai isa wayar Malam ba tukuna, sai an fitar da sabuwar siga, sai Play Store sun duba sun saki, sai shi kuma ya sabunta, kuma mutane da yawa sun kashe sabuntawa ta kai-tsaye saboda tsadar data, wani yana nan da sigar bara. Don haka ku ƙara mataki ɗaya a rumbunku bayan "an gyara", ku kira shi "an sanar". Ranar da sigar ta fita mutumin tsakiya ya ɗauko sunayen da ya ajiye ya bi su ɗaya-ɗaya: Malam an gyara maganar sunan Sa'adatu, shiga Play Store ka sabunta, girmanta megabait kaza ne, in ka gwada don Allah ka gaya mana ko ta shiga. Sai ya amsa ya ce ta shiga sannan a cire lakabin daga hirarsa, in kuma ya ce har yanzu, a fara tambayarsa lambar sigar da take wayarsa kafin a sake buɗe tikitin.